Christiaan Barnard: Likitan da ya fara dashen zuciyar ɗan Adam

An haifi Christiaan Barnard ranar 8 ga Nuwamba, 1922, a garin Beaufort West na Afirka ta Kudu, a gidan wani limamin coci mai ƙaramin ƙarfi. Ya karanci likitanci a Jami'ar Cape Town, sannan a 1956 ya tafi Jami'ar Minnesota ta Amurka, inda ya ƙware kan tiyatar zuciya.

Ranar 3 ga Disamba, 1967, ya jagoranci ayarin likitoci a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town suka cire zuciyar Denise Darvall, 'yar shekara 25 da mota ta buge, bayan mahaifinta ya amince, suka dasa wa Louis Washkansky. Majinyacin ya rayu kwana 18, kafin ciwon huhu ya yi ajalinsa, domin magungunan hana jiki ƙin sabuwar zuciya sun raunana garkuwarsa.

Aikin ya tayar da muhawara mai nauyi. Mai rai na iya ba da ƙoda ɗaya ya ci gaba da rayuwa, amma zuciya sai daga mamaci, kuma da zarar ta tsaya takan fara lalacewa. To, yaushe ke nan za a ce mutum ya mutu? A 1968 wani kwamiti na Jami'ar Harvard ya ba da shawarar ɗaukar mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin ma'auni, tare da sharaɗin cewa likitocin da za su tabbatar da mutuwar kada su kasance cikin masu dashen.

Dashensa na biyu, a Janairun 1968, ya taɓo batun launin fata. An dasa wa Philip Blaiberg, farar fata, zuciyar Clive Haupt, wanda dokar wariya ta ƙasar ta hana shi zama daidai da fararen fata yana raye. Blaiberg ya rayu wata 19.

A shekarar aka yi dashen zuciya kusan 100 a duniya, akasarin majinyatan suka rasu cikin 'yan watanni. Asibitoci da dama suka dakata, aka kuma zargi likitoci da gaggawar neman suna, har sai da maganin cyclosporine ya bayyana a farkon shekarun 1980.

Barnard ya ajiye tiyata a 1983 saboda amosanin gaɓɓai da ya kama hannayensa. Ya rasu ranar 2 ga Satumba, 2001, a tsibirin Cyprus, yana da shekara 78. Har yau sharaɗin raba masu tabbatar da mutuwa da masu dashe na cikin ginshiƙan dokokin dashen sassan jiki a ƙasashe da dama.