Nana Haulatu 'Yar Sa'alaba: Matar Da Allah Ya Ji Kukanta

'Yar'uwa mai karatu, a filinmu na tarihin magabata na wannan fitowa mun kawo miki rayuwar wata sahabiyya da aurenta ya shiga matsala, ta tashi da ƙafarta ta kai ƙara inda ya dace, har Allah Maɗaukakin Sarki ya saukar da hukunci a kan al'amarinta. Ita ce Khaulatu bintu Sa'alaba, wadda mu Hausawa muke kira Haulatu, Allah ya ƙara mata yarda.

Asalinta da aurenta

Nana Haulatu mutuniyar Madina ce, daga ƙabilar Khazraj, wato tana cikin Ansaru waɗanda suka karɓi Manzon Allah (SAW) da ya yi hijira a shekarar 622 miladiyya. Mijinta shi ne Ausu ɗan Samit, kuma auren zumunci ne domin ɗan'uwanta ne na jini. Gidansu gida ne na daraja a Musulunci. Shi Ausu ya halarci yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan hijira, ɗan'uwansa kuwa shi ne Ubadatu ɗan Samit, ɗaya daga cikin wakilai 12 na mutanen Madina a mubaya'ar Aƙaba.

Sun daɗe tare, ta haifa masa 'ya'ya. Da girma ya kama Ausu sai ya zama mai saurin fushi, ga kuma talauci a gidan. Kin ga ke nan ko gidan sahabbai bai rasa saɓani ba, balle namu.

Ranar da abin ya faru

Wata rana magana ta haɗa su, ta mayar masa da amsa, shi kuma cikin fushi ya kamanta ta da bayan mahaifiyarsa. Wannan furuci shi ake kira zihari. A zamanin jahiliyya idan namiji ya faɗe shi, to matarsa ta haramta gare shi, sau da yawa kuma haka za a bar ta a rataye, ba ita ga aure ba ita ga zawarci.

Ausu ya fita ya zauna a majalisar mutanensa, da zuciyarsa ta huce sai ya dawo yana neman ta kamar ba abin da ya faru. Nan fa Haulatu ta ƙi. Ta rantse ba zai kusance ta ba sai Allah da Manzonsa sun yi hukunci a tsakaninsu. Ya so ya yi mata ƙarfi, ta ture shi, da ma tsoho ne mai rauni. Ta shiga wurin maƙwabciyarta ta aro tufafi, ta nufi gidan Manzon Allah (SAW).

A gaban Manzon Allah (SAW)

Ta zauna a gabansa ta zayyana komai. Ta bayyana cewa ƙuruciyarta ta ƙare a gidan wannan mutum, ta haifa masa 'ya'ya, sai yanzu da ta manyanta haihuwa ta tsaya ya yi mata zihari. Sannan ta kawo maganar da ke ci wa kowace uwa tuwo a ƙwarya, wato yaranta ƙanana: in ta bar masa su za su tagayyara, in ta tafi da su yunwa za ta kama su. Duba da kyau 'yar'uwa, wannan ita ce maganar riƙon yara da ciyar da su, wadda har gobe ita ce ke cika kotunanmu.

A lokacin babu ayar da ta sauka a kan zihari, saboda haka Manzon Allah (SAW) bai yanke mata sabon hukunci ba. Ya tunatar da ita cewa mijin nan ɗan'uwanta ne kuma dattijo, ta ji tsoron Allah game da shi. Ita kuwa ba ta tashi ba. Ta yi ta maimaita hujjarta cikin ladabi, tana kai kukanta ga Allah. Nana A'isha (RA) tana gefen ɗakin, ta ba da labarin cewa duk da kusancinta wani sashe na maganar bai kai kunnenta ba, amma Allah ya ji ta.

Haulatu ba ta bar wurin ba sai da wahayi ya sauka. Ayoyi huɗu na farkon sura ta 58 ke nan, wadda ake kira Suratul Mujadala, wato surar mace mai jayayya. Ayoyinta 22 ne, kuma ita kaɗai ce surar da sunan Allah ya zo a kowace aya tata. Hukuncin ya tabbatar da cewa matar mutum ba ta zama uwarsa don ya faɗa da baki, furucin mummuna ne kuma ƙarya, aure yana nan, amma miji ba zai kusanci matarsa ba sai ya yi kaffara: ya 'yanta bawa, in bai samu ba ya yi azumin wata 2 a jere, in ba zai iya ba ya ciyar da miskinai 60.

To a nan ne halinta ya ƙara fitowa fili. Da aka zo kan bawa, ita ce ta bayyana cewa mijinta ba shi da shi. Da aka zo kan azumi, ta ce tsufa ba zai bar shi ba. Da aka zo kan ciyarwa, ta ce ba shi da abin bayarwa. Sai Manzon Allah (SAW) ya taimaka masa da babban kwando na dabino, ita ma ta yi alkawarin ƙara wani kwandon daga wurinta. Ya yaba mata, ya umarce ta da ta je ta yi sadakar a madadinsa, ta kuma kyautata wa ɗan'uwanta. Matar da ta kai ƙara ita ce ta biya rabin kaffarar wanda ta kai ƙara, aurensu ya ci gaba a kan halal.

Ita da Sayyidina Umar

Allah ya yi mata tsawon rai har ta ga halifancin Sayyidina Umar (RA), wanda ya yi mulki daga shekara ta 13 zuwa ta 23 bayan hijira. An ruwaito cewa ta tare shi a hanya yana tare da jama'a, ta tuna masa ta san shi tun yana yaro a kasuwar Ukaz ana ce masa Umairu, ta yi masa doguwar nasiha a kan tsoron Allah game da talakawa. Wani daga cikin 'yan rakiya ya ga abin ya yi yawa, sai Umar ya kwaɓe shi, ya sanar da shi cewa wannan ita ce matar da Allah ya ji kukanta daga saman sammai bakwai, don haka shi Umar ya fi cancanta ya tsaya ya saurare ta.

Abin da ya shafe ki

Ba Haulatu kaɗai ba ce ta bi wannan hanya. Matar Sabit ɗan Ƙais ta nemi rabuwa ta mayar da gonar da aka ba ta sadaki, daga nan aka san hukuncin hul'i. Hindu 'yar Utba ta kai kukan rowar Abu Sufyan, aka ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Babu wadda aka kira marar kunya a cikinsu. Amma mu a nan, mace sai ta shekara ba ci ba sha ba sutura, ko a sake ta a ƙwace mata jariri, a ce mata ta yi haƙuri kada ta tona asirin gida. Haƙuri ibada ne, gaskiya ne, amma neman haƙƙi ta hanyar shari'a bai saɓa masa ba.

Ga kaɗan daga abin da mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na ƙasar nan suke aiki da ita, ta tanada miki. Idan aure ya mutu, uwa ce ta fi cancanta da riƙon 'ya'yanta, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani bare, riƙon yana komawa ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, kafin a zo kan dangin uba. Ciyar da yaran da tufatar da su yana wuyan ubansu ko da suna hannunki. Wadda aka yi wa sakin kome tana da ci da sha da wurin zama har ta gama idda, mai ciki kuma har ta haihu ko da sakin ba na kome ba ne. Idan miji ya daina ciyarwa, ko yana cutarwa da duka da zagi, ko ya rantse ya ƙaurace wa shimfiɗa fiye da wata 4, alƙali yana da ikon raba auren bayan bincike. Haka wanda ya yi zihari ya ƙi yin kaffara alhali yana da hali, matarsa tana iya kai shi gaban alƙali.

Ki fara da waliyyinki da manyan dangi na ɓangarorin biyu, domin aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a naɗa mai sulhu daga danginsa da kuma naki. In bai yiwu ba, akwai malamai amintattu, akwai hukumar Hisba a jihohin da suke da ita irin su Kano. In nan ma abin ya faskara, sai ki nufi kotun shari'a ko kotun yanki ta garinku. Kina iya shigar da ƙara da bakinki a wurin magatakardan kotu, a aika wa mijin sammaci, kuma ba dole sai da lauya ba. In hukuncin bai gamsar da ke ba akwai babbar kotun shari'a, a samanta kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, sai dai ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, kada ki yi jinkiri. Wadda ba ta da kuɗin lauya tana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1976, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Kafin ki je ki shirya kamar yadda Haulatu ta je da magana tsararriya. Ki adana takardar saki, ki riƙe ranar da aka yi shi da lafazin da aka furta, ki san shaidunki, ki tattara takardun haihuwar yara da rasiɗan makaranta da na asibiti. Ki faɗi gaskiya tsantsa ko da wani sashenta bai yi miki daɗi ba, kada ki ƙara gishiri, kada kuma ki mayar da yara makamin ramuwa ki hana su ganin ubansu. In an samu hanyar gyara ki karɓa da hannu biyu kamar yadda ta yi, in kuma rabuwa ce alheri, a rabu cikin mutunci kowa ya san haƙƙinsa.

Allah ya ƙara wa Nana Haulatu yarda, ya zaunar da mu lafiya a gidajenmu, ya ba alƙalanmu ikon yin adalci, ya share hawayen duk wadda aka zalunta, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.