Dokta Monroe Wall, Wanda Ya Fid Da Maganin Ciwon Daji Daga Ɓawon Itace

Duk wanda ya taso daga Funtuwa ya nufi Zariya, kafin ya shiga gari sai ya bi ta Shika, inda babban Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake. Nan ne a kan kai da yawa daga cikin masu ciwon daji na wannan yanki namu, mutanen Funtuwa da Bakori da Malumfashi da ƙauyukansu. A cikin magungunan da likitocin irin waɗannan manyan asibitoci ke sa wa majiyyaci ta hanyar ƙarin ruwa, akwai wani da ake kira Taxol, ko da yake a jikin kwalbarsa yawanci Paclitaxel a kan rubuta. Da shi ake yaƙar ciwon dajin ƙwan mahaifa na mata, da na huhu, da na nono. Wanda ya ga ruwan nan cikin kwalba ba zai yi zaton asalinsa sassaƙen itace ne ba, alhali kuwa shi ne. Labarin mutumin da ya fara fid da shi daga ɓawon za mu ba masu karatu yau, watau Dokta Monroe Wall.

An haifi Monroe Eliot Wall a birnin Newark na Jihar New Jersey, ƙasar Amurka, ran 25 ga watan Yuli 1916. A Jami'ar Rutgers ta jiharsu ya yi karatunsa mai zurfi duka, har ya sami digirin dokta cikin 1939. Wannan dokta ba ta likitanci ba ce, bai taɓa duba majiyyaci ba. Iliminsa na sinadarai ne, watau sanin abubuwan da ke ƙunshe cikin tsirrai da yadda ake rarrabe su. Cikin 1941 ya kama aiki da Ma'aikatar Gona ta Gwamnatin Amurka, a wani ɗakin bincike kusa da Philadelphia. Zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ne, Japan ta kame ƙasashen da ake samun roba, saboda haka aikinsa na fari shi ne neman tsirran da za a iya tatsar roba daga jikinsu.

Da yaƙi ya ƙare sai aka juya shi ga wani neman. A lokacin an gano wani magani mai suna kotizon wanda ke sauƙaƙa ciwon sanyin gaɓoɓi, amma yana da tsada ƙwarai, ana bukatar tsiron da za a riƙa haɗa shi daga gare shi da araha. Wall da mutanensa suka yi shekaru suna jiƙa dubban tsirrai, suna tacewa, suna aunawa. To, ga wani hali nasa wanda kowane akawu zai gane darajarsa: in an gama gwada jiƙon wani tsiro, ko an sami abin da ake nema ko ba a samu ba, ba ya yarda a zubar. Sai a rufe kwalbar, a rubuta sunan tsiron da inda aka samo shi, a ajiye.

Cikin 1957 wani ma'aikacin Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Amurka, Dokta Jonathan Hartwell, ya ziyarce shi, ya ga wannan ajiya, ya roƙa a ba shi kwalabe dubu a gwada ko akwai mai taɓa ciwon daji. Aka ba shi. A cikin dubun nan guda ɗaya ya yi fice, jiƙon wani itacen ƙasar Sin ne mai suna Camptotheca acuminata, wanda mutanen Sin ke kira itacen farin ciki, an dasa shi a wani lambun Gwamnati a California. Wall ya so ya bi sawun abin har ƙarshe, amma Ma'aikatar Gona ta ga ciwon daji ba ya cikin aikinta. Mutum ne mai shekara 44, ya yi shekara goma sha tara cikin aikin Gwamnati, ga muƙami, ga kwanciyar hankali. Duk da haka cikin 1960 ya ajiye aikin, ya koma wata sabuwar cibiyar bincike a Jihar North Carolina, wadda ake kira Research Triangle Institute, ba ta fi shekara biyu da kafuwa ba. Ma'aikacin da ya san daɗin albashin Gwamnati shi zai iya auna nauyin wannan shawara.

A can ne cikin 1962 ya sami abokin aiki wanda ba su rabu ba har mutuwa, wani mutumin ƙasar Indiya, Dokta Mansukh Wani. Wani ɗin nan sunan gidansu ne, don kada ya rikita mai karatun Hausa za mu riƙa ce da shi Dokta Mansukh. Su biyun suka fid da sinadarin itacen Sin, suka sa masa suna kamtotesin, suka bayyana sifarsa cikin 1966. Da aka gwada shi a jikin mutane sai ya zo da illa mai tsanani, har yana sa fitsarin jini, aka jingine shi. Za mu sake komowa kansa.

Ana cikin haka Hukumar Binciken Ciwon Daji ta shiga wani gagarumin aiki. Daga 1960 zuwa wajen 1981 ta gwada jiƙo kimanin 114,000 daga tsirrai iri 15,000. Masana tsirrai suka bazu cikin dazuzzuka suna tarawa. Ɗaya daga cikinsu, Arthur Barclay, cikin watan Agusta 1962 ya shiga wani daji a Jihar Washington, can arewa maso yammacin Amurka, ya sassaƙo ɓawon wani itace da masana ke kira Taxus brevifolia. Itace ne marar kwarjini, gajere, yana tsira a inuwar manyan itatuwa, masu yankan katako ba su ɗauke shi a bakin kome ba, su kan tara shi su ƙone tare da shara. Cikin 1964 gwaji ya nuna jiƙonsa yana kashe ƙwayoyin ciwon daji, aka aika wa Wall da ɓawon.

A nan ne ainihin aikin yake, ya kamata mu ɗan tsaya a kansa. Jiƙon ɓawon itace ba abu ɗaya ba ne, ɗaruruwan abubuwa ne a cakuɗe, galibinsu ba su da amfani ga ciwon, waɗansu ma dafi ne. Dabarar Wall ita ce a raba jiƙon kashi kashi, a gwada kowane kashi a kan ƙwayoyin ciwon da kan ɓeraye, a riƙe wanda ya yi aiki, a sake raba shi, a sake gwadawa, haka haka har a kai ga abu guda tsantsa. Kamar dai yadda mata ke yi da dawa, a sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace, a tankaɗe, kowane mataki yana fid da abin da ba a so. Bambancin shi ne matar gida tana ganin ƙaiƙayi da idonta, shi kuwa Wall ba ya ganin kome, sai ya aika da kashin a gwada, ya jira sakamako makonni, sa'an nan ya san inda zai sa ƙafa. Shekara biyu suna wannan. Cikin 1966 suka sami sinadarin tsantsa, daga busasshen ɓawo kilo 12 abin da ya fito rabin giram ne, bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Cikin 1967 Wall ya raɗa masa suna taxol, daga sunan itacen.

Saura sanin yadda aka gina shi, gama ba a mai da sinadari magani sai an san sifarsa. Wannan ya ba su wuya matuƙa, don abin yana da sarƙaƙiya ga shi kuma ɗan kaɗan ne a hannunsu. Har ta kai Wall da kansa ya ga lokaci yana tafiya, ya so a koma ga waɗansu ayyuka, Dokta Mansukh ne ya nace a bar shi ya ci gaba a gefe. Gaskiya a faɗe ta, a wannan gaɓa haƙurin mataimaki ya fi na maigida. Cikin 1971 suka buga sifar taxol.

Mai karatu zai zaci daga nan sai asibiti. Ina! Hukumar ta duba ta ga abin ba ya narkewa cikin ruwa, samunsa da wuya, sai ta ajiye shi shekaru. Wall ya yi ta rubuta takardu yana neman a sake duba shi. Abin da ya farfaɗo da shi ƙwarai shi ne binciken wata mace, Dokta Susan Horwitz ta birnin New York, wadda cikin 1979 ta gano yadda yake aiki. Ciwon daji dai ƙwayoyin jiki ne da suka ƙi daina rabuwa. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kafa waɗansu siraran zaruruwa a cikinta, su ja kayanta gefe biyu, sa'an nan ta warware su. Taxol ya kan kama zaruruwan nan ya sandarar da su, su ƙi warwaruwa, ƙwayar ta kasa gama rabuwa, ta mutu. Ba a taɓa ganin maganin da ke aiki ta wannan hanya ba. Kuma da yake ba ƙwayar ciwon kaɗai yake taɓawa ba, shi ya sa gashin majiyyaci ke zubewa, jininsa ya yi rauni, yatsunsa su riƙa dagargazar sanyi da mutuwar jiki.

Matsalar narkewa kuwa an warware ta da wani mai da ake sarrafawa daga 'ya'yan zurma, wannan da ke tsira a bayan gidajenmu. Aka fara gwaji a jikin mutane cikin 1984. Cikin 1989 likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka ba da labarin cewa a cikin matan da ciwon dajin ƙwan mahaifa ya ci ƙarfinsu, waɗanda sauran magunguna suka gaza musu, wajen uku cikin goma ciwon ya ja da baya. Ba warkewa ba ce ga yawancinsu, ƙarin kwana ne da sauƙi, amma ga wadda aka riga aka cire wa rai wannan babban abu ne.

Sai kuma wata sabuwar damuwa ta taso. Itacen nan ba ya girma da sauri, ya kan yi shekaru aru aru, ɓawonsa siriri ne, in an sassaƙe shi kewaye sai ya mutu, majiyyaci ɗaya kuwa sai an kashe masa itatuwa da dama. Masu kishin daji suka tashi, 'yan'uwan marasa lafiya su ma suka tashi, kowa da gaskiyarsa, har Majalisar Amurka ta kafa doka a kan itacen cikin 1992. Mu nan ba baƙin wannan al'amari ba ne. Kowa ya ga yadda masu neman sassaƙe suka yi wa maɗatan bakin hanyoyinmu, an feɗe su iyakar inda hannu ya kai, waɗansu sun bushe a tsaye. Su can abin da ya cece su shi ne wani Bafaranshe, Pierre Potier, ya sami wani sinadari makusancin taxol a cikin ganyen ɗan'uwan itacen na Turai, ganye kuwa in an tsinka yana sake tohowa, sa'an nan Robert Holton na Jihar Florida ya gano hanyar mai da shi taxol sosai. Daga baya ma aka koyi renon ƙwayoyin itacen cikin manyan tankuna a Jamus, aka bar dajin ya huta.

A ƙarshen watan Disamba 1992 Gwamnatin Amurka ta yarda a yi amfani da Taxol ga ciwon dajin ƙwan mahaifa, shekara talatin ke nan daga ranar da Barclay ya sa wuƙa a jikin itacen. Cikin 1994 aka ƙara da na nono, cikin 1998 da na huhu, a haɗe da wani magani mai suna sisfilatin. Kamtotesin ɗin nan da aka jingine shi ma ya dawo: bayan an gano yadda yake aiki cikin 1985, aka gyara shi aka fid da magunguna biyu, ɗayansu tofotekan, wanda aka yarda da shi cikin 1996, shi ma ga ƙwan mahaifa, daga baya ga wani irin ciwon dajin huhu. Da wuya a sami masanin da ya bar wa duniya irin waɗannan guda biyu.

Akwai abin da malaman makaranta za su taimaka su fahimtar da jama'a a nan. Kasancewar maganin nan daga itace yake bai nuna cewa jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a kasuwa da sunan maganin daji suna da wannan ƙarfi ba. Da mutum zai dafa ɓawon Taxus ya sha, ba zai sami abin da zai taɓa ciwonsa ba, ɗan'uwansa na Turai ma dafi ne mai kashe doki da saniya in sun ci ganyen. Cikin tsirrai 15,000 ɗin nan kaɗan ƙwarai ne suka kai asibiti. Ba kuwa raina itatuwanmu muke yi ba. A shekarar da aka haifi Wall, watau 1916, wani likita mai suna Dalziel ya buga littafin sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa, sanin yana nan tun kaka da kakanni. Abin da Wall ya ƙara a kan irin wannan sani shi ne awo da gwaji da rubutawa. Matar da ta ji kumburin ciki wanda ya ƙi tafiya, ko magidancin da tari ya daɗe masa har da jini, watannin da za su ɓata wajen jiƙo su ne watannin da maganin asibiti ya fi amfani a cikinsu.

Batun dukiya kuwa, Wall da Dokta Mansukh ba su yi rajistar mallakar taxol ba, sun buga shi ne kowa ya gani. Cikin 1991 Gwamnati ta ba kamfanin Bristol-Myers Squibb aikin sarrafa shi, kamfanin ya yi rajistar sunan nan da Wall ya raɗa ya zama nasa na ciniki, aka ƙago wa sinadarin sabon suna, shi ne dalilin sunaye biyun da muka ambata da fari. Cikin shekarar 2000 kaɗai cinikin Taxol ya haura dala biliyan ɗaya da rabi. A wannan shekara ce aka ba su biyun lambar Kettering, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na binciken ciwon daji.

Wall bai yi ritaya irin wadda muka sani ba, yana zuwa ɗakin bincikensa har dab da ƙarshen ransa. Ya mutu ran 6 ga watan Yuli 2002, saura kwana goma sha tara ya cika shekara 86. Dokta Mansukh ya rayu bayansa har 2020.