Malam Smith, Matarsa da Baba ta Karo

A Isolo ta ƙasar Ikko aka haife ni, kakata kuwa a Agege ta zauna, tana sayar da goro. Kullum in na je sai ta ɗauko mini labarin Arewa, ni kuwa hankalina yana wajen wasa. Ta rasu ban rubuta ko kalma guda ba. Ban san girman hasarar da na yi ba sai da na shigo wannan kwaleji, na sami littafin Baba of Karo a ɗakin karatu. Shi ya sa na bi sawun mutanen da suka yi shi, ga kuma abin da na samo.

Sunan malamin Michael Garfield Smith. An haife shi a Kingston, babban birnin tsibirin Jamaika, cikin 1921. Ya tafi Kanada neman ilmi, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da shi, ya shiga soja. Da aka ƙare yaƙi ya zauna a London, ya karanta ilmin zaman jama'a, watau binciken yadda mutane ke aure da ciniki da sarauta, a hannun Shehun Malami Daryll Forde. Cikin 1949 aka aiko shi ƙasar Zazzau tare da matarsa Mary, suka yi aiki har 1950.

To, nan ya gamu da katanga. Yana iya zama a zaure ko a fada ya tambayi maza abin da ya ga dama, amma baƙo namiji ba ya wuce zaure, rabin jama'a kuwa suna cikin gida. Sai Mary ta ɗauki wannan rabin. A Giwa ta shaƙu da wata tsohuwa ungozoma, ana ce da ita Baba, wadda aka haifa cikin 1877, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano. Baba tana faɗi da Hausa, Mary tana rubutawa. Ta ba da labarin harin bayi, da zuwan Turawa, da aurenta huɗu, da ƙawance, da bori, da riƙon 'ya'ya, gama ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Baba ta rasu cikin 1951, littafin kuwa ya fito cikin 1954, da gabatarwar Smith a farkonsa. Ba ta gan shi ba, amma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya.

Shi ma nasa aikin ba shi kaɗai ya yi ba. Cikin 1955 ya fitar da littafi a kan tattalin arzikin Hausawan Zazzau, cikin 1960 kuma Government in Zazzau, inda ya bayyana yadda sarauta ke zagayawa tsakanin gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Da ya so sanin tsarin mulkin Zazzau kafin Jihadi, sai ya dogara ga abin da Malam Hassan, Sarkin Ruwan Abuja, ya tara, Abujar da yanzu ake kira Suleja. Ya kuma rubuta a kan roƙo da maroƙa cikin 1957.

Ya komo Nijeriya cikin 1958, ya zauna da dattawa da masu sarauta a Daura da Kano da Katsina da Sakkwato. Daga nan littafinsa na Daura ya fito cikin 1978. Ya koyar a Kalifoniya da London da Jami'ar Yale, ya kuma zama mai ba Firayim Ministan Jamaika, Michael Manley, shawara. Ya rasu a Ingila cikin 1993, littafinsa na Kano kuwa bai fito ba sai 1997.

Kada mai karatu ya zaci kowa ya yarda da shi. Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya soki yadda ya kasa tarihinmu gida biyu, Haɓe da Fulani, ya nuna al'amarin ya fi haka zurfi. Ni a ganina wannan ma riba ce, domin ba a gardama sai a kan abin da aka rubuta aka ajiye.

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Smith yana da digiri, Baba ba ta da shi, amma ba domin ita ba da rabin gidan Bahaushe ya zauna a rufe. A Agege da Idi-Araba akwai tsofaffin da suka san yadda kakanninmu suka biyo goro da shanu har bakin teku. Hutun nan mai zuwa kowa ya sayi littafin rubutu, ya durƙusa gaban wadda ke kusa da shi. Ni na makara da tawa, Allah ya jiƙanta. Ku kada ku makara.