Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilimin Ciwon Ido

An haifi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a shekarar 1781. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi na Gwandu. Shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, ya kuma zama Sarkin Musulmi a 1817.

Jama'a sun fi saninsa da sarauta da littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri, alhali ya wallafa littattafai a fannin likitanci. Daga cikinsu akwai Masugul Lujaini, kan cututtukan ido da magungunansu. Da Larabci ya rubuta shi, harshen da malamai daga Gwandu har Masar suka yi tarayya a kansa. Amfanin hakan a fili yake: idan masu magani suka saɓa kan sunan ciwo, ana iya ɗiga wa ido abin da zai makantar da shi.

Da Baturen Ingila Clapperton ya ziyarce shi a 1824, Bello ya nemi a aiko masa da likita. Ya rasu a 1837 a Wurno, kusa da gulbin Rima, inda hubbarensa yake. Allah Ya jiƙansa da rahama.