Arkimidis, Masanin Da'ira

Kowane ɗan sakandare ya san 22/7, amma ba kowa ya san mutumin da ya bar mana ita ba. Sunansa Arkimidis. An haife shi wajen shekara ta 287 kafin haihuwar Annabi Isa, a Sirakus, wani birnin Girkawa da ke tsibirin Sisili, kudu da Italiya. Ubansa Fidiyas masanin taurari ne. Shi kuwa da ya girma sai ya duƙufa kan lissafi, har ya riƙa aika wa malaman Iskandariya ta Masar wasiƙu game da abin da ya gano.

Tambayar da ta dame shi ita ce, kewayen da'ira ya ninka faɗinta sau nawa? Faɗi a nan shi ne layin da ya ratsa tsakiya daga baki zuwa baki. Sai ya zana siffa mai gefe 6 a cikin da'ira, ya zana wata a wajenta, ya yi ta ninka gefen, 12, 24, 48, har 96. Da haka ya tabbatar kewayen ya fi faɗin sau 3 da 10/71, amma bai kai sau 3 da 1/7 ba, watau 22/7.

Ya kuma nuna ana samun filin da'ira in an ninka rabin kewaye da rabin faɗi. To, a nan ne yawancinmu kan yi tuntuɓe. In faɗi ya ninku biyu, kewaye ma ya ninku biyu, saboda haka fili ya ninku huɗu. Misali, manomi a Kudan ya gina rumbu mai faɗin ƙafa 7. Kewayensa ƙafa 22 ne, filinsa murabba'in ƙafa 38½. Maƙwabcinsa ya gina mai ƙafa 14, kewayensa 44, filinsa 154. In tsawonsu ɗaya ne, na biyun zai ci hatsin na farkon sau huɗu. Haka mazarƙwaila take a kasuwar Maƙarfi in kaurinta ɗaya ne. Mai haƙa rijiya a Ikara kuma, in aka ce ya ninka faɗin ya yarda da ninkin lada kawai, ya cuci kansa, domin ƙasar da zai kwashe ta ninku huɗu.

Da Rumawa suka kewaye Sirakus da yaƙi, Arkimidis ya ƙera na'urorin da suka daɗe suna hana su shiga. A shekara ta 212 birnin ya faɗi, wani soja ya kashe shi yana da shekara kamar 75. An ruwaito cewa a lokacin yana cikin nazarin wani zane ne. A kan kabarinsa aka sa siffar ƙwallo a cikin ganga, domin shi ya gano ƙwallon kashi biyu ne cikin uku na gangar. Bayan shekara 137 wani Barume, Sisero, ya gane kabarin a cikin sarƙaƙiya ta wannan alama. Daga baya aka juya littafinsa na awon da'ira zuwa Larabci, ya shiga hannun malaman Bagadaza.

'Yan'uwana 'yan makaranta, in mun je hutu mu ɗauki igiya mu auna rumbunan gidajenmu tare da iyayenmu, mu ga ko lissafin Arkimidis ya fita daidai.