Biliyaminu na Tudela, Bayahuden da Ya Zaga Wurare Masu Tsarki

A kowace shekara makarantun sakandare na Yahudawa a Amurka da Ingila da Isra'ila sukan ɗauki ɗalibansu zuwa ƙasashen waje, domin su ga inda kakanninsu suka yi sujada. Sukan kai su tsofaffin majami'un Toledo da Kordoba a Sifaniya, da unguwar Yahudawa ta birnin Roma, malami yana gaba yana bayani, yara suna biye da littattafan rubutu a hannu. Mu ma a nan Sabon Gari da Fagge mun saba raka masu zuwa ziyarar Urushalima filin jirgin sama, kamar yadda maƙwabtanmu suke raka alhazai. Irin wannan tafiya tana da wani tsohon madugu wanda ya yi ta fiye da shekara 850 da suka wuce, ya kuma rubuta abin da ya gani. Sunansa Biliyaminu ɗan Yunana, mutumin Tudela.

Tudela gari ne a bakin kogin Ebro, cikin ƙasar Nabara a arewacin Sifaniya. Musulmi sun mallake shi wajen shekara 300, kafin Sarki Alfonso na I ya ci shi a 1119. An haifi Biliyaminu wajen 1130, ya tashi a garin da Kirista da Musulmi da Bayahude suke cin kasuwa ɗaya. A zamanin da ya bar gida, wajen 1165, Sarki Yusa Tsaraki ne yake sarautar Kano, wanda Tarihin Kano ya ce shi ya ƙarasa ginin ganuwar birni.

Littafin da ya bari da Ibrananci, wanda ake kira Littafin Tafiye-tafiye, ya yi kama da lissafin zango na fatake. Kowane gari ya shiga, sai ya faɗi kwana nawa ne daga na baya, Yahudawa nawa ne a ciki, su wane ne malamansu, wace sana'a suke yi, wane wuri mai tsarki yake kusa. A kan kansa kuwa bai ɓata tawada ba. Mai karatu zai bi shi daga farko har ƙarshe ba tare da ya ji ko ya yi zazzaɓi a hanya, ko ya yi hawaye a Urushalima ba.

Ya bi ta Barselona da kudancin Faransa, ya shiga jirgin ruwa a Marseille zuwa Italiya. A Roma ya tarar da Yahudawa wajen 200 suna zaune da mutunci a zamanin Paparoma Alizanda na III, har wani saurayi cikinsu mai suna Yehiyel shi ne mai kula da gidan Paparoma. Ya ambaci cocin Bitrus Mai Tsarki, da na Yohanna Mai Tsarki a Lateran, inda akwai ginshiƙai biyu na tagulla waɗanda aka ce daga Haikalin Sulemanu suka fito. Yahudawan birnin suka gaya masa cewa ginshiƙan sukan yi gumi kowace shekara ran 9 ga watan Ab, ranar makokin rushewar Haikali. Ya rubuta hakan a matsayin abin da aka faɗa masa.

A Konstantinoful, wato Istanbul ta yau, dukiyar babban cocin Hikima Mai Tsarki ta ba shi mamaki ƙwarai. Amma 'yan'uwansa suna can ƙetaren ruwa a unguwar Pera, mutum 2,000 mabiya malamai da 500 na wata ɗariƙa dabam, da shinge a tsakaninsu. Ba a yarda Bayahude ya hau doki ba, sai likitan sarki kaɗai. Ya ce Girkawa suna ƙinsu, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne majema da suke zubar da ƙazamin ruwa a kan hanya. Bai ɓoye zaluncin masu gari ba, bai kuma ɓoye laifin nasa ba.

Da ya isa Urushalima, birnin yana hannun mayaƙan gicciye na Turai, waɗanda suka ci shi a 1099 da zubar da jinin Musulmi da Yahudawa masu yawa. 'Yan tsirarun Yahudawan da ya samu suna zaune a gefen Hasumiyar Dawuda, kuma marina ne. Kowace shekara sukan biya sarki kuɗi domin kada wani ya yi rini a birnin sai su. Wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata zai gane kamannin hannuwansu. Ya kwatanta asibitin jarumawan Yohanna Mai Tsarki inda ake jinyar marasa lafiya, ya ambaci cocin Kabari Mai Tsarki da Kiristoci suke zuwa daga nesa, sa'an nan ya nuna bangon yamma inda mutanensa suke tsayawa su yi addu'a. A hanyar Baitalami ya ga kabarin Rahila, wanda masu wucewa suke rubuta sunayensu a jikin duwatsunsa.

Abin da ya faɗa a kan Hebron ya cancanci kowane mai niyyar ziyara ya ji shi. An mai da wurin coci a lokacin, masu tsaro kuma suna nuna wa baƙi kaburbura shida a sama suna karɓar kuɗi. Amma idan Bayahude ya ƙara wa mai gadi wani abu, sai a buɗe masa ƙofar ƙarfe, ya sauka da kyandir a hannu, ya wuce kogo na farko da na biyu babu kome, a na uku ne ake nuna masa makwancin Ibrahim da Saratu, Ishaku da Rifkatu, Yakubu da Lai'atu. Ashe cinikin masu ziyara ba yau aka fara shi ba. Tun 1994 ginin nan a rabe yake, sashe masallaci, sashe majami'a.

Daga nan ya bi ta Dimashƙu da Halab zuwa Mosul, daura da kangon Nineba, ya sauka Bagadaza. A nan ne alƙalaminsa ya sake. Ya ƙidaya majami'u 28 da manyan makarantu 10, ya ba da labarin shugaban Yahudawan zaman baƙunci, Daniyel ɗan Hisdai, wanda yakan hau doki zuwa fadar halifa ana buɗe masa hanya domin shi jikan Dawuda ne. A kudu da birnin akwai kabarin Annabi Ezekiyel, inda fitila take ci dare da rana, da ɗakin littattafai wanda duk wanda ya mutu ba magaji yakan bar wa nasa. Manyan Musulmi ma sukan zo addu'a, kuma ko lokacin yaƙi ba mai taɓa masu hidimar wurin. Garin shi ne Kifil a Iraki, Musulmi suna kiran mai kabarin Zulkifli. Yahudawan ƙasar kuwa yawancinsu sun tashi a 1950 da 1951.

Labarin da ya kawo daga Shushan ya fi kowanne shiga rai. Kogi ya raba garin biyu. Ɓangaren da akwatin gawar Annabi Daniyel yake ya yi arziki, ɗayan kuwa talauci ya yi masa katutu. Matalautan suka ce albarkar annabi ce aka hana su, rigima ta kai ga yaƙi, har aka sasanta cewa akwatin zai riƙa yin shekara a nan, shekara a can. Da Sarki Sanjar na Farisa ya ga ana ƙetare gada da shi, ya ce wannan bai dace da darajar annabi ba. Ya sa aka auna gadar, aka rataye akwatin da sarƙoƙin ƙarfe daidai tsakiya, aka gina wurin addu'a domin Bayahude da wanda ba Bayahude ba, ya kuma hana kamun kifi kusa da wurin. Mu da titi kaɗai ya raba unguwanninmu, muka kuma ga 1953 da 1991, ba sai an fassara mana wannan ba.

Ba duk abin da ya rubuta ne idonsa ya gani ba. Zancen Indiya da Sin daga bakin 'yan kasuwa ya ɗauko shi, har da tatsuniyar matuƙan jirgi da suke ɗinke kansu cikin fatar sa domin wani ƙaton tsuntsu ya sure su zuwa tudu. Haka kuma ya ji labarin ƙasarmu daga Masar. Ya ce ayari yakan yi kwana 50 cikin Sahara zuwa Zawila, iska takan binne mutane da rairayi, waɗanda suka tsira su kai tagulla da alkama da gishiri su komo da zinariya. Zawila tana cikin Fezzan, a kan hanyar da ta bi zuwa Kanem, irin hanyoyin da daga baya suka riƙa sauke raƙuman Azbinawa a Fagge. Sai dai a wannan shafi ya ba da labarin yadda mutanen Aswan suke kamo baƙaƙen fata bayi, ya kuma yi maganarsu da raini. Mutumin da ya san zafin wulaƙanci a Pera bai gane shi ba sa'ad da ya faɗa wa wasu.

A tsohuwar Alkahira ya ga majami'u biyu, ɗaya tana sauke Attaura a shekara guda, ɗayar a shekara uku, amma sukan haɗu su yi sujada tare sau biyu a shekara. A Iskandariya ya ga kowace al'umma ta fatake da nata masauki. Daga can ya ƙetare zuwa Sisili, ya isa ƙasar Kastil a 1173, shekarar da ake ɗauka ya rasu.

An kori Yahudawa daga Sifaniya a 1492, daga Nabara kuma a 1498. Littafin ya bi 'yan gudun hijira, aka fara buga shi a Konstantinoful a 1543. Wani fada masani, Benito Arias Montano, ya juya shi zuwa Latin a 1575, Marcus Adler kuma ya fitar da na Turanci a 1907. A unguwar Rehabiya ta Urushalima akwai titi mai sunansa. A Tudela an kafa masa mutum-mutumi a dandalin da ake kira na unguwar Yahudawa, masu ziyara kuma sukan bi lungunan da mutanensa suka bari tun 1498.