SELMA LAGERLOF, MALAMAR DA TA MAIDA LABARUN FATALWA LITTATTAFAI

An haifi Selma Lagerlof ran 20 ga watan Nuwamba na shekara ta 1858 a wani gidan gona da ake kira Marbaka, cikin lardin Barmland na ƙasar Suwed, can arewacin Turai. Ƙasa ce ta dazuzzuka da tafkuna, inda daren hunturu yake da tsawo ainun, mutane kan taru bakin murhu suna hira. Selma ta tashi da ciwon ƙugu wanda ya bar ta da ɗingishi har ƙarshen ranta. Saboda haka lokacin da ƴan'uwanta ke guje-guje, ita tana zaune wurin kakarta tana sauraron labarun aljanun daji da matattun da suka ƙi kwanciya cikin kabari.

Ubanta hafsan soja ne mai fara'a, amma giya da bashi suka ci ƙarfinsa. Selma ta tafi Stokholm, babban birnin ƙasar, ta shiga makarantar horon malamai mata a 1882. A 1885 uban ya rasu, ba a daɗe ba aka sayar da Marbaka. Ta yi shekara 10 tana koyar da ƴan mata a garin Landskrona, da dare kuma tana rubutu. Littafinta na farko, labarin Gosta Berling, wani fasto mashayi da aka tuɓe, ya fito a 1891. Marubutan zamanin sun ɗauka littafin kirki shi ne wanda ya tsaya kan abin da ido ke gani kaɗai; ita kuwa sai ta shigo da Shaiɗan da kyarketai da la'anar uwa, kamar yadda ta ji su a gida.

Gwanintarta wajen labarin tsoro ta fi bayyana cikin "Dukiyar Arne" na 1904, wanda ta gina bisa wani kisan gilla da aka yi da gaske a gidan wani fasto a 1586. Sojojin haya uku, mutanen Ekos da ke arewa da Ingila, suka kashe tsohon da iyalinsa, suka ɗauke akwatin kuɗinsa. Yarinya guda ta tsira, marainiya mai suna Elsalil. Aka kai ta Marstrand, wani gari na bakin teku, can kuma son wani baƙo ya kama ta, ba ta san shi ne ɗaya daga cikin makasan ba. Teku ta daskare, jirgin da zai kwashe su ya kafe cikin ƙanƙara. Fatalwar ƴar'uwar renonta tana bin mutumin nan sawu da ƙafa, har ta kai Elsalil ga gane gaskiya. Tun da wuri mai karatu ya gane masu laifin. Abin da ke hana shi ajiye littafin shi ne ko yarinyar za ta tona wanda take so. Ta tona shi, ta rasa ranta a kan haka, ƙanƙarar kuwa ba ta saki jirgin ba sai da aka kama makasan, matan garin suka zo suka ɗauki gawarta.

Fatalwowin Selma ba don firgitarwa kawai suke fitowa ba: kowace tana bin wani hakki da aka danne. Har hukumomi ma sun nemi alƙalaminta. Ƙungiyar yaƙi da tarin fuka ta ƙasar ta roƙe ta rubutun da zai faɗakar da jama'a, sai ta fito da "Mai Keken Mutuwa" a 1912. An ce wanda ya mutu a ƙarshe daren sabuwar shekara, shi zai ja keken dokin mutuwa shekara guda yana ɗaukar rayuka. Wannan ya faɗa kan Dabid Holm, mashayi mai tarin fuka, aka zagaya da shi ya ga matarsa da ƴaƴansa da ya wulaƙanta, da wata mai aikin agaji da ta ɗauki cutar daga rigarsa. Da wuya a sami takardar gargaɗin likita da ta ratsa zukata kamar wannan. An maida shi silima a 1921.

Yaran Suwed kuwa sun san ta ne da labarin Nils, yaron da ya zagaya ƙasar bisa bayan dinya, littafin koyon labarin ƙasa da ya fito a 1906 da 1907. A 1909 ta zama mace ta farko da ta sami kyautar Nobel ta adabi, da kuɗin kuma ta fanso gonakin Marbaka, bayan ta riga ta sayi gidan a 1907. A 1914 aka shigar da ita majalisar masanan Suwed, nan ma ita ce mace ta farko.

Da Tarayyar Sobiyet ta kai wa Finland yaƙi a ƙarshen 1939, ta ba da lambarta ta zinariya ta Nobel don a taimaki mutanen ƙasar. Ta kuma sa baki aka buɗe wa marubuciya Bayahudiya Nelly Sachs hanyar gudowa daga Jamus ta Hitler. Ba su sadu ba: Selma ta rasu a Marbaka ran 16 ga Maris 1940, tana da shekara 81, wata biyu kafin Nelly ta sauka Stokholm.